GMAT: Jarrabawar da Hadda Ba Ta Yi Mata Magani

Duk wanda ya sa ransa ga digirin MBA a manyan makarantun koyon kasuwanci na duniya, irin su Harvard da Wharton a Amurka, ko London Business School a Ingila, ko INSEAD a Faransa, da wuya ya kai ga ƙofarsu bai ci karo da jarrabawar GMAT ba. Asalinta daga Amurka ne. A 1953 wakilan makarantun kasuwanci tara suka zauna da hukumar shirya jarrabawa ta ETS, suna neman ma'auni guda da za su auna masu neman gurbi da shi, aka kuma fara rubuta ta a 1954. Sunan GMAT sai a 1976 aka raɗa mata shi. Yau wata ƙungiya mai suna GMAC, da ke jihar Virginia, ita ke da ita. Dalilin ɗorewar jarrabawar a fili yake: mai tantance takardu a Boston ba shi da hanyar gane ko sakamakon digiri daga Kano ya yi daidai da na Mumbai ko na Alƙahira, amma makin GMAT iri ɗaya ne ko daga ina mutum ya fito.

Abu na farko da mai shiri ya kamata ya sani shi ne an sauya fasalin jarrabawar a Nuwamban 2023, aka kuma ajiye tsohon tsarin gaba ɗaya a farkon 2024. Don haka littafin da yayanka ya yi amfani da shi shekaru biyar da suka wuce zai iya ɓata maka lokaci. An cire rubutun insha'i, an cire tambayoyin gyaran nahawun jimla. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambayoyi 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambayoyi 23, sai nazarin bayanai mai tambayoyi 20. Duka-duka tambayoyi 64 cikin awa biyu da kwata, da hutun minti goma ga mai so. Kai za ka zaɓi sashen da za ka fara da shi. Maki yana kamawa daga 205 zuwa 805, kuma 645 a sabon ma'auni daidai yake da 700 ɗin da ake ta yi wa kirari a da. A kula da wannan, kada mutum ya ci maki mai kyau ya koma gida yana baƙin ciki don yana auna kansa da tsohon sikeli.

Inda ta sha bamban da jarrabawoyin da muka taso da su shi ne kwamfutar tana bibiyar amsoshinka tana sauya maka tambaya. Ka amsa daidai, ta miƙo wadda ta fi wuya. Ka kuskure, ta sassauta. Makinka kuma ba yawan abin da ka ci kaɗai ake dubawa ba, har da nauyin tambayoyin da ka ci. Saboda haka babu wanda ke fitowa daga ɗakin yana cewa ta yi sauƙi. Gwanin ma sai ta kai shi inda zai yi gumi. Wanda bai san haka ba, da ya ga tambayoyi sun yi tsauri sai gabansa ya faɗi, alhali wataƙila alama ce ta cewa yana kan hanya.

Mu kuwa da me muka saba? Da tara tambayoyin shekarun baya na WAEC da JAMB a haddace su, da fatan za a maimaito. Wannan dabarar ta fitar da mutane da yawa, amma a nan ba ta da kasuwa. Lissafin GMAT bai wuce na sakandare ba: kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, rabo, matsakaici, aljabara mai sauƙi. Injiniya ma sai ya raina shi da farko. Wuyar tana cikin yadda ake naɗe tambayar, da kuma cewa minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi kawai kake da su ga kowacce, ba kuma a ba da kalkuleta a sashen lissafi, sai a na nazarin bayanai.

Akwai wani nau'in tambaya a sashen nazarin bayanai da ya fi kowanne tona asirin abin da jarrabawar ke nema. Ba a ce ka nemo amsa ba. Za a ba ka tambaya da bayanai biyu, a ce ka faɗi ko bayanan sun isa a amsa ta. Ga misali. Wani ɗan kasuwa ya sayar da shinkafa da masara. Shin kuɗin da ya samu daga shinkafa ya fi na masara? Bayani na farko: buhunan shinkafar da ya sayar sun ninka na masara sau biyu. Bayani na biyu: farashin buhun masara bai kai ninki biyu na farashin buhun shinkafa ba. Na farko shi kaɗai bai isa ba, don ba mu san farashi ba. Na biyu ma bai isa ba, don ba mu san yawa ba. Amma idan aka haɗa su, tilas kuɗin shinkafa ya rinjaya, ko da ba a faɗa mana ko naira nawa ne buhu ba. Ɗalibin da ya saba sai ya ga lamba a ƙarshen aiki zai tsaya yana laluben farashin da babu shi, lokaci yana tafiya. Wani kuma zai shigo da abin da ya sani daga kasuwa, ya ce ai shinkafa ta fi masara tsada, ya yanke cewa bayani na farko ya wadatar. Shi ma ya faɗi, don ba a ba shi wannan a cikin tambayar ba. A ganina wannan nau'in tambaya shi ne ya fi kusa da ainihin aikin manaja, wanda kullum yake yanke hukunci da guntun bayani, kuma dole ya san lokacin da abin da ke hannunsa ya isa da lokacin da bai isa ba.

Sashen fahimtar rubutu ma haka yake. Iya Turanci sharaɗi ne, amma bai wadatar ba. Za a kawo hujjar wani a ce ka gano inda take yoyo. Mai kanti ya ƙara awa biyu a lokacin rufe shagonsa, ciniki ya ƙaru a wannan watan, sai ya ce ƙarin lokacin ne ya jawo. Me zai raunana maganarsa? Idan watan ya zo daidai da jajiberin salla, ai duk kantunan layin cinikinsu ya ƙaru. Wanda ba ya karatu sai na dole zai sha wuya a nan, domin akwai dogayen sakin layi kan tarihi da kimiyya da tattalin arziki da za a karanta a kan allo cikin hanzari. Maganinsa karanta rubutu mai nauyi kullum, irin na mujallar The Economist ko jaridar Financial Times, kana tambayar kanka: me marubucin nan yake so in yarda da shi, kuma da me ya dogara?

Shirin kansa ya kamata ya fara da gwaji, ba da sayen littattafai ba. GMAC tana ba da cikakkun jarrabawoyin gwaji biyu kyauta a shafinta na mba.com. Ka zauna ka yi ɗaya da agogo, ba waya, ba tashi, ka ga inda kake tsaye. Sannan ka duba matsakaicin makin ɗaliban makarantar da kake hari, wanda yawancinsu ke wallafawa kowace shekara. Tazarar da ke tsakani ita za ta faɗa maka ko wata biyu kake bukata ko shida. Ga ma'aikaci, awa ɗaya ko biyu bayan asuba kullum sun fi a tara komai a jibge shi ranar Lahadi.

Abin da ya fi komai amfani kuma, wanda aka fi ƙyuyar yi, shi ne littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, da wadda ka ci da sa'a, ka rubuta dalili. Ban san ƙa'idar ba ne? Na karanta a gurguje na tsallake kalma? Na faɗa tarkon da aka ɗana? Ko na san hanya lokaci ne ya ƙure? Bayan mako uku za ka ga kurakuranka ba su da yawa, iri uku ne ko huɗu suke ta dawowa cikin sabuwar riga. Tambaya ashirin da aka yi wa irin wannan bin diddigi ta fi ɗari da aka amsa aka duba maki aka wuce. Kuma a fi dogara ga tambayoyin da GMAC ta fitar da kanta, don na kamfanonin koyarwa sau da yawa sukan yi wuya ta inda ta ainihin ba ta yi.

Sai koyon haƙura da tambaya. Ɗalibai masu ƙoƙari su suka fi kamuwa da wannan cuta, don suna ganin abin kunya ne tambaya ta gagare su. Sai mutum ya kashe minti shida a kan guda ɗaya, ƙarshe ya bar huɗu bai taɓa ba, alhali barin tambaya babu amsa yana zaftare maki sosai. Idan minti uku ta wuce ba ka ga haske ba, ka cire amsoshin da ka tabbatar ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya cikin sauran, ka sa mata alama, ka yi gaba. Sabon tsarin ya yarda ka dawo ka sauya amsa har uku a kowane sashe idan lokaci ya rage.

Kuɗin rajista a Amurka dala 275 ne a cibiyar jarrabawa, 300 ga mai yi daga gida ta intanet, kuma yakan ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ga mai samun albashi da naira ko sefa wannan ba kuɗin gwada sa'a ba ne. Wanda wuta da intanet ɗinsa ba su da tabbas, cibiya ta fi masa kwanciyar hankali. Ya tanadi fasfo mai rai, sunan da ke ciki ya dace harafi da harafi da wanda ya yi rajista da shi. Ana iya maimaita jarrabawar bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata goma sha biyu, kuma maki yana aiki shekara biyar. Kafin a biya ko sisi, a duba sharuɗɗan makarantar: mafi yawansu yanzu suna karɓar jarrabawar GRE a madadinta, wasu kuma suna da tasu ta cikin gida. Manyan makarantun Amurka kan rufe zagayen farko na karɓar takardu a Satumba, na biyu a farkon Janairu, don haka mai harin zagayen farko ya yi ƙoƙari ya zauna jarrabawar tun Yuni ko Yuli, yadda zai sami sararin maimaitawa kafin ya koma kan wasiƙun shaida da rubutun neman gurbi.