Motar Kara a Aziziyya

Wata Alhamis bayan La'asar ɗan maƙwabciyata ya buga mana ƙofa yana kuka, rungume da motarsa ta wasa mai rimot. Ko sati ba ta yi da saye ba, ta daina tafiya. Uwarsa ce ta ce ya kawo min, wai tunda ni ce mai karatun kimiyya. Muna zaune ne a Aziziyya, yammacin Madina. Ni ina digiri na biyu a Jami'ar Ɗayyiba, maigidana kuma yana Jami'ar Musulunci. Maƙwabciyar tawa Bahaushiya ce haihuwar nan, kakanta ne ya zo da ƙafa ta Sudan. Ita tana jin Hausa sarai, amma yaron, mai shekara takwas, bai wuce "sannu" da "na gode" ba.

Na kwance motar da bakin wuƙa. Waya ɗaya ce ta cire daga jikin ɗan injinta, na mayar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ya zaro ido. Ashe bai taɓa sanin ana buɗe mota a ga cikinta ba. In ta lalace a yar, a sayo wata.

Mu a Kurna, a Kano, ba mu taso da sayen mota ba, ƙerawa muke yi. Da kaka, in aka yanke dawa, sai mu tafi hutu ƙauyen kakanninmu mu dawo da ɗaurin kara. A ɓare bawon da reza ya fito sili-sili, totuwar ciki mai laushi kuma a yanka gunduwa-gunduwa. Sai a riƙa soka silin a cikin totuwa har gangar motar ta tashi, babu gam, babu ƙusa. Taya kuwa tsohon silifas ake yankawa, shi ya sa iyaye mata suke ɓoye takalman banɗaki. Bawon kara ya fi reza kaifi in ya so. Har yau da tabonsa a ɗan yatsana na hagu.

Wanda ya ƙware a kara sai ya koma gwangwani da langa-langa. Gwangwanin madarar Peak shi ne tankar mai, na kifi kuma a-kori-kura. Yayana ya kai matakin da yake sa wa tasa ƙwan tocila da batir, ya haɗa doguwar waya daga sitiyari zuwa tayoyin gaba, yana tafe a tsaye yana murɗawa tana shan kwana. Jirgin sama kuma ba mu rasa abin kwaikwayo ba, don unguwarmu ba ta da nisa da filin jirgin Malam Aminu Kano. Lokacin aikin Hajji jiragen Kabo na wucewa ta kanmu, mu daga kai mu ƙare wa fikafikansu kallo. Ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset shi yake juya mana farfela. Jirginmu bai taɓa tashi ba ko sau ɗaya, amma kullum muna sa ran na gobe zai tashi.

Ina ta cewa "mu", alhali a ƙa'ida ba na cikinsu. Yarinya 'yar tsana aka san ta da ita, da tuwon ƙasa. Kakata in ta gan ni da reza sai ta ce, "Ke mace da mota? Wa zai aure ki?" Yayana ne ya rufa min asiri, ya ɗauke ni ƙaramar ma'aikaciya, ni ce mai yankan taya a zaure. Sai da ya ga tayoyina sun fi na abokansa daidaito ya bar ni na ƙera tawa. Wani lokaci in na ga mata na tuƙi a titunan Madina, inda sai a watan Yunin 2018 aka ba su izini, nakan tuna maganar tsohuwar in yi murmushi. Allah Ya jiƙanta.

A 2007, ina 'yar shekara goma, labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya cika gari. Ɗalibin kimiyyar fiziks ne a Jami'ar Bayero, mai shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga sama kimanin ƙafa bakwai. Manya sun yi ta gardama ko ƙafa bakwai ma tashi ne. A zaurenmu babu wannan gardamar. Mun san wahalar sa farfela ta juya ba ta karkace ba. Ina jin tun daga lokacin na daina ɗaukar abin da nake yi da reza a matsayin ɓarna.

To, washegari na ce wa yaron ya zo mu ƙera tamu. Nan na gane ashe kara ma arziki ne. Na leƙa shagunan unguwa kaf, ga motocin roba na Sin jibge, amma babu abin da ya yi kama da shi. Muka haƙura da kwalin dabino, da murafen gorar ruwa, da tsinken tsire. Ban san sunayen abubuwan da Larabci ba, don haka da Hausa na yi ta ba shi umarni: riƙe nan, huda, soka, ɗaure. Kafin Magariba yana cewa "taya" da "tsinke" da bakinsa, uwarsa na bakin ƙofa tana dariya tana share ido.

Motar ta tafi, sai dai tana ja hagu. Na kira Yaya ta bidiyo a WhatsApp na nuna masa. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya ce, "Ramin tayar baya bai zauna a tsakiya ba. Ke da kike gwanar taya?" Yaron ya tambaye ni me ya ce, na fassara masa, ya karɓi tsinken ya ce shi zai sake hudawa.

Ƙanwar maigidana za ta zo Umara a watan gobe. Ta tambayi abin da za ta taho min da shi, tana tsammanin in ce daddawa ko kuka. Na ce karan dawa guda goma, busassu, masu kauri. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Anti, lafiya kuwa?"