Sandar hana karkata ta gaba a tseren otokuros

Sandar hana karkata, wadda makanikai suka fi sani da sitabilaiza, wani dogon ƙarfe ne mai lanƙwasa a bakunansa biyu da yake haɗa ƙafar dama da ƙafar hagu ta mota. Aikinta shi ne rage yadda jikin mota yake karkata gefe guda idan ta sha kwana. A tseren otokuros, inda mota take ratsa kwanoni masu yawa a jere cikin ɗan gajeren lokaci, sandar gaba tana cikin sassan da direbobi suka fi canzawa, domin tana da araha idan aka kwatanta da sauran gyare-gyaren ƙafa, kuma tasirinta yana bayyana nan take.

Tarihi

Stephen Coleman, ɗan garin Fredericton na jihar New Brunswick a ƙasar Kanada, shi ne ya fara samun takardar mallakar fasahar wannan sanda a ranar 22 ga Afrilu, 1919. Amfani da ita ya yaɗu ne bayan da kamfanoni suka koma ƙera motoci masu sifirin mai laushi, waɗanda suka fi daɗin zama amma suka fi karkata a kwana. A yau yawancin ƙananan motoci suna fitowa daga kamfani da sanda a gaba, da yawa kuma har da ta baya.

Tseren otokuros

Otokuros, a ma'anarsa ta Amurka, gasa ce ta lokaci. Ana shata hanya da robobi masu tsini a babban filin ajiye motoci ko a tsohon filin jirgin sama, kowace mota kuma tana shiga ita kaɗai. Zagaye ɗaya yakan ɗauki minti ɗaya ko ƙasa da haka, gudu kuma ba ya cika wuce kilomita 100 a awa. Duk robar da direba ya ture, ana ƙara masa daƙiƙa 2 a lokacinsa. A Ingila kuwa, kalmar tana nufin tsere a kan ciyawa ko ƙasa, wanda ya sha bamban da wannan.

Ƙungiyar Sports Car Club of America, wadda aka kafa a 1944, ita ce babbar mai shirya wannan gasa a Amurka, tana kiranta da suna Solo. Ta fara gasar ƙasa baki ɗaya a 1973, kuma tun daga 2009 birnin Lincoln na jihar Nebraska ne masaukinta. A rukunin motocin da ba a yi wa gyara sosai ba, wanda ake kira Street, doka ta hana canza sifirin, amma ta yarda a canza, a ƙara, ko a cire sanda guda ɗaya, ta gaba ko ta baya. Wannan ne ya sa zaɓen sanda yake da nauyi ƙwarai a rukunin, tun da tana cikin hanyoyi ƙalilan da suka rage wa direba na ƙara wa ƙafar motarsa tauri.

Yadda take aiki

Tsakiyar sandar tana kwance a ƙarƙashin mota daga dama zuwa hagu, an ɗaure ta a jikin shasi da bushin guda biyu waɗanda suke barin ta ta juya. Hannayenta biyu kuma suna haɗe da lowa am ko da jikin shokozoba ta hanyar wasu gajerun ƙarafa da ake kira linkej. Idan tayoyin biyu suka hau tudu lokaci guda, sandar tana juyawa ne kawai a cikin bushin ba tare da ta yi wani aiki ba. Idan kuma mota ta sha kwana, ƙafar waje takan danne, ta ciki ta saki, sai sandar ta murɗe. Turjiyar da ƙarfen yake yi wa wannan murɗewa ita ce take hana jikin motar karkata sosai.

Sanda ba ta rage yawan nauyin da yake komawa kan tayoyin waje a kwana. Wannan ya dogara ne da nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayoyin dama da na hagu, da kuma ƙarfin kwanar. Abin da sanda take canzawa shi ne rabon wannan nauyi tsakanin gaba da baya: ɓangaren da ya fi tauri shi ne yake ɗaukar kaso mafi girma. Riƙon taya kuwa ba ya ƙaruwa daidai da yadda nauyin da ke kanta yake ƙaruwa, don haka tayoyi biyu masu ɗauke da nauyi iri ɗaya sun fi riƙe ƙasa a kan biyun da ɗaya ta danne ɗaya ta saki. Saboda haka, a ƙa'ida, sandar gaba mai tauri tana sa gaban mota ya riƙa zarcewa maimakon bin sitiyari, ta baya mai tauri kuma tana sa bayan motar ya riƙa zamewa.

Dalilin ƙara taurin sandar gaba

Duk da wannan ƙa'ida, motoci da yawa sun fi sauri a otokuros idan aka sa musu babbar sanda a gaba. Dalili na farko shi ne kamba, wato tsayuwar taya a kan kwalta. Idan jikin mota ya karkata da yawa, tayar waje takan kwanta a kan gefenta, sai faɗin da yake taɓa ƙasa ya ragu. Wannan matsala ta fi tsanani a motoci masu ƙafar gaba irin ta MacPherson, kamar Subaru BRZ da Toyota 86. Rage karkata yana sa tayar ta zauna da kyau, kuma ribar da ake samu a nan takan zarce asarar da ƙarin nauyin ya jawo.

Dalili na biyu ya shafi motocin da tayoyin baya ne suke tura su, irin su Mazda MX-5 da ta fito a 1989 da Honda S2000 da aka ƙera daga 1999 zuwa 2009. Idan gaba ya ɗauki kaso mafi girma na nauyin kwana, tayar baya ta ciki ba ta yin sakayau, sai direba ya iya taka totur da wuri yayin fita daga kwana ba tare da tayar ta yi ta juyawa a banza ba. Dalili na uku shi ne saurin amsawa. A wurin da ake saƙa tsakanin robobin da aka jera a layi ɗaya, motar da ba ta karkata sosai tana saurin daidaita kafin ta juya ɗaya gefen.

Motocin da tayoyin gaba suke ja sun bambanta. A wurinsu babbar sandar gaba takan sa tayar gaba ta ciki ta rasa riƙo daidai lokacin da ake buƙatar ta ja motar, shi ya sa masu irin waɗannan motoci suka fi canza ta baya.

Zaɓen sanda

Kauri shi ne ma'auni na farko. Taurin sanda yana tafiya ne da kaurinta idan aka ninka shi da kansa sau huɗu, don haka ƙaramin bambanci yana haifar da babban canji. Daga milimita 22 zuwa 24, tauri yana ƙaruwa da kusan kashi 42 cikin ɗari. Daga 22 zuwa 25 kuma da kusan kashi 67, muddin siffar sandunan ɗaya ce.

Akwai sanda mai cikakken ciki, akwai kuma mai rami kamar bututu. Da yake bayan ƙarfen ne yake ɗaukar mafi yawan murɗewa, cire tsakiyarsa ba ya rage tauri sosai. Bututu mai kaurin milimita 28 da bango mai milimita 4 yana da tauri kusan ɗaya da cikakkiyar sanda mai milimita 26, alhali nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na nata ba. Saboda haka ba a kwatanta sanduna biyu da kaurin waje kaɗai, sai an san kaurin bangon.

Tsawon hannu shi ne ma'auni na biyu. Sanduna da yawa na kamfanoni irin su Eibach, Whiteline da Hotchkis suna zuwa da huda biyu ko uku a kowane hannu. Idan aka ɗaura linkej a hudar da ta fi kusa da tsakiyar sandar, hannun ya gajarta, sandar kuma ta ƙara tauri. Rage tsawon hannu daga milimita 200 zuwa 180 yana ƙara tauri da kimanin kashi 23 cikin ɗari. Sanda mai huda da yawa tana ba direba damar daidaita motar da irin filin, domin daɓen kankare ya fi tsohuwar kwalta riƙo, jiƙaƙƙen fili kuma yana son ƙafa mai laushi.

Irin taya ma yana da tasiri. Tayar da ta fi riƙo tana sa mota ta fi karkata, don haka tana buƙatar sanda mafi tauri. Kafin saye, ana duba littafin dokokin rukunin da za a shiga, domin gyaran da ya saɓa masa yana iya mayar da mota wani rukuni mai motoci da suka fi ta ƙarfi.

Yadda ake ɗaura ta

Ana ɗaga gaban motar a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na tallafi, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Dole ne tayoyin biyu su kasance a tsayi ɗaya, in ba haka ba tsohuwar sandar tana murɗe, notinan linkej kuma ba za su kwance cikin sauƙi ba. Ana cire murfin ƙasan inji, a kwance linkej, sannan a kwance maɗauran bushin a zaro sandar. A wasu motoci sai an ɗan sauke ƙarfen da yake riƙe da inji da ƙafa kafin ta fita. Yana da kyau a ajiye tsohuwar kusa da sabuwar a lura da yadda take fuskanta, domin wasu sanduna suna shiga ko da an kife su.

Bushin na sabbin sanduna yawanci na roba mai tauri ne da ake kira poliyuretan, wanda yake buƙatar giris mai silikon don kada ya yi ƙara ko ya riƙe sandar. Kafin a haɗa linkej, ana gwada juya sandar da hannu. Idan ta cije, za ta yi aiki kamar ta fi ainihin taurinta, halin motar kuma ba zai tsaya a kan abu ɗaya ba. Ana kammala ɗaure notina ne bayan nauyin motar ya dawo kan tayoyinta a wuri mai shimfiɗa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri bisa adadin da kamfani ya bayar. Linkej mai canza tsawo yana ba da damar a haɗa ɓangarorin biyu ba tare da an tanƙwara sandar ba, domin sandar da aka ɗaura a murɗe tana sa mota ta nuna hali ɗaya a kwanar dama, wani daban a ta hagu. Daga ƙarshe ana juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, a tabbatar sandar ba ta gogar taya, tayarod ko tiyon birki.

Matsaloli da gwaji

Babbar sanda tana ɗora ƙarin nauyi a kan maɗauranta. An san tsofaffin samfuran Mazda MX-5 da tsagewar wurin ɗaurin sandar gaba idan aka sa mai tauri, shi ya sa ake sayar da ƙarafan ƙarfafa wurin. Linkej na asali ma yakan lanƙwashe ko ya karye. Sanda mai tauri fiye da kima tana rage 'yancin kowace ƙafa, sai motar ta riƙa tsalle a fili mai gargada, ko tayar gaba ta ciki ta ɗaga sama, daga nan kuma ƙarin tauri ba ya ƙara komai.

Wajen gwaji, ana canza abu ɗaya ne a lokaci guda, a bar iskar taya da saitin shokozoba yadda suke, sannan a kwatanta lokutan zagaye da yadda gefen tayoyin yake cinyewa. Idan gaban motar yana zarcewa a tsakiyar doguwar kwana, ana mayar da linkej hudar da ta fi laushi. Idan bayanta yana zamewa wajen saƙa tsakanin robobi ko yayin taka totur, ana matsar da shi zuwa hudar da ta fi tauri. Bayan ranar tsere ta farko ana sake duba notinan duka, domin sabon bushin yakan zauna ya ɗan saki.