Daɓen Asibiti Ma Gado Ne

Littattafan tsaftar asibiti da aka rubuta a Turai da Amurka suna sanya daɓe a sahun baya. Hujjarsu ita ce hannu bai cika taɓa shi ba: marar lafiya yana bisa gado, mai dubiya yana kan kujera, takalmi kaɗai ke taka ƙasa. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin karkara ya san abin ya sha bamban a wurinmu. Idan aka kwantar da mutum ɗaya daga wani ƙauye na Kebbe ko Tambuwal a jihar Sakkwato, mutum biyu ko uku ne za su biyo shi. A ƙasa za su shimfiɗa tabarma, a nan za su ci tuwo, su yi salla, su kwana. Ɗan goye yana rarrafe tsakanin gadaje, ya dafa daɓe ya kai hannu baki. Kwanon furar marar lafiya a ƙarƙashin gado ake aje shi. Idan kuma annoba ta zo gadaje suka ƙare, marasa lafiyar kansu ƙasa suke komawa.

Wannan yanki ya san annoba. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 110,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,600, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. A farkon 2025 sanƙarau ya ɓarke a Tambuwal da maƙwabtanta na jihar Kebbi, wato Jega da Aliero da Gwandu. Ko ba a lokacin annoba ba, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa a ƙasashe irin namu, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, kimanin 15 suna kwasar wata sabuwar cuta a cikin asibitin, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne. Saboda haka yadda ake goge daɓe a Babban Asibitin Tambuwal, ko na Kebbe, ko ƙananan asibitocin da ke ƙauyukansu, magana ce ta rai.

Matsala ta farko a kanmu take. Mun saba auna tsafta da hanci. Idan mutum ya shiga ɗaki warin Izal ya buge shi, sai hankalinsa ya kwanta, ya ce lallai ana aiki a nan. Mai shara ma ya san haka, sai ya ƙara tsiyaya magani a bokiti don a yaba masa. Amma tun a 1966 Graham Ayliffe da abokan aikinsa a Birmingham ta Ingila suka gwada wannan. Sun samu cewa ruwa da sabulu suna kawar da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin cutar da ke daɓe, maganin kashe ƙwayoyi kuma ya fi haka, har kusan kashi 99. Sai dai cikin 'yan sa'o'i, da zarar mutane sun ci gaba da kai da kawowa, daɓen ya koma kusan yadda yake. Abin da ke riƙe daɓe da tsafta shi ne yawan gogewa a kan kari. Jagorar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2019 tare da ƙwararrun Afirka, domin asibitoci masu ƙaramin ƙarfi, a kan haka ta tsaya: ruwa da omo sun isa gogen yau da kullum, a ajiye maganin kashe ƙwayoyi don inda jini ko amai ko bayan gida ya zuba, da ɗakunan da aka keɓe masu cuta mai yaɗuwa. A ganina ɗakin yara da duk inda ake kwana a ƙasa sun cancanci a ƙara musu yawan gogewa, a bar ma'aunin magani yadda yake.

Maganin da ya wuce kima yana da nasa ɗaukar alhaki. Izal da danginsa suna da sinadarin finol, kuma tun shekarun 1970 likitoci suka gano yana jawo wa jarirai shawara idan ana yawan amfani da shi a ɗakinsu. Ruwan bilic mai ƙarfi yana cin hannu, yana tayar da asma, yana sa ƙafafun gadon ƙarfe tsatsa. Idan aka haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, iskar da ke tashi guba ce. Wanda ya fi kowa shaƙar wannan duka shi ne mai gogewa, wanda sau da yawa ba shi da safar hannu balle takalmin roba.

Inda ake buƙatar bilic kuwa, ma'auni ne sirrinsa. Galibin wanda ake sayarwa a shagunanmu, irin su Hypo, ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne. Don jinin da ya zuba ana son kashi 0.5, wato kofi ɗaya na bilic a kofi shida na ruwa. A ɗakin masu amai da gudawa, daɓe da gadaje kashi 0.2 suke so, kofi ɗaya a kimanin kofi 16. Kuma sai an fara kwashe ƙazantar, an wanke wurin da omo, sannan a sa maganin a bar shi ya jima kafin ya bushe, domin ƙazanta tana cinye ƙarfin bilic kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Haɗin kuma na yini ɗaya ne. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, haɗin da ya wuni a buɗe cikin rana ya zama ruwa mai wari kawai. Tsohuwar gorar ruwa da aka ja wa layi da alƙalami a gefe ta wadatar a matsayin ma'auni.

Sai tsintsiya. A gida ba mu da kamarta, amma a ɗakin marasa lafiya illa ce, musamman da hunturu. Ƙurar da ta kwanta a ƙasa, tsintsiya ce ke tashinta ta sauka a kan miki da abinci da huhun mai tari. Fitsari da kashin ɓera, waɗanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, ta ƙura ma suna iya shiga jiki, kuma ragowar abinci a ƙarƙashin gado ita ke gayyato ɓeran. Ƙa'ida ita ce a tsince tarkace da safar hannu, sannan a bi da mofa mai laima.

A dubi yadda ƙwararriyar mai goge-goge take aikinta da safe. Za ta ce, "Inna, ku yi haƙuri ku naɗe tabarma, yanzu zan gama." Bokiti biyu ne a gabanta, ɗaya na ruwan omo, ɗaya na ɗauraya. Daga ƙuryar ɗaki take farawa tana ja da baya zuwa ƙofa, kada ta taka inda ta goge. Ta ɗauraye mofa a bokiti na biyu, ta matse, kana ta tsoma a na farko. Da ruwa ya fara duhu ta canja shi. Mofar ɗakin haihuwa daban, ta bayi daban. In ta gama ta wanke kan mofar, ta shanya shi a rana. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi sakaci da shi. Mofar da ta kwana jiƙe a bokiti, washegari ƙwayoyin cuta take shafa wa daɓe, kamar mai wanka da ruwan kwata. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta.

Ruwa shi ne babban ƙalubale, domin fanfon da ya dogara da janareta yakan tsaya ranar da mai ya ƙare. A nan akwai dabarar da ta dace da mu. Wani asibitin jami'a a Kalifoniya ya koma amfani da mofa mai lallausan zare wadda ake cire kanta bayan kowane ɗaki a sa sabo, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ruwaito a 2002 cewa ruwa da sinadarin da ake kashewa sun ragu da kusan kashi 95 cikin 100. Wannan mofa tana da tsada a farko, kuma sai an tanadi wurin wanke kawunan, amma a garin da ake sayen ruwa a jarka lissafin ya cancanci a zauna a yi shi.

Ina ruwan gogewa yake zuwa? Sau da yawa bayan ɗaki ake watsa shi, inda awaki ke kiwo kuma yaran masu jinya ke wasa. Da damina ya bi kwata ya gangara. Ƙasar Kebbe Gulbin Zamfara ya ratsa ta kafin ya wuce Jega, jama'a da yawa a yankin kuma da rijiya da fadama suke rayuwa, nan suke sha, nan suke noman rani. Ruwan da ya fito daga ɗakin masu kwalara wurinsa masai ne ko rami mai rufi, nesa da rijiya. Gwargwadon raguwar maganin da aka zuba a bokiti, gwargwadon raguwar abin da ƙasa za ta sha.

Shi kansa daɓen yana da haƙƙi. Tarazon tsofaffin asibitoci yana daɗewa, kuma ba shi da gaɓoɓi da yawa. Tayil mai sheƙi da ake yayi yanzu yana da santsi idan ya jiƙe, tsohuwa ko mai ciki na iya zamewa, layukan da ke tsakaninsa kuma maɓoyar datti ne. Tayil ɗaya da ya fashe, ko siminti da ya tsage, babu mofar da za ta tsaftace shi sai an gyara. Duk mai ba da kwangilar gina asibiti ko gyara shi a wannan yanki ya kamata ya tambayi masu shara kafin ya zaɓi daɓe, kuma ya ware musu ɗan ɗaki mai fanfo da magudana da igiyar shanya. Kwamitocin unguwa da ke kula da ƙananan asibitoci su ma suna iya farawa da abin da ke cikin ikonsu: bokiti biyu ga kowane ɗaki, safar hannu, omo da ba ya yankewa, horo na yini ɗaya da Hausa, da biyan masu goge-goge haƙƙinsu a kan lokaci.