Rufe Gadar Gaya da Raguwar Zuwa Kwatano

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Benin kuma ta buɗe nata ɓangaren iyaka, amma hukumomin Yamai suka bar gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a rufe, matakin da ya rage zirga-zirgar mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela zuwa Kwatano.

Dalilin kuwa shi ne ziyarar mutumin wannan yanki zuwa bakin teku a bayan fatauci take tafiya. Kafin rufe gadar, albasar Galmi ce ke gangarawa kudu, shinkafa da motoci na hannu su hauro daga tashar jiragen ruwa, falke kuma ya sauka a unguwar Zongo, ya yi sayayya a kasuwar Dantokpa, sannan ya leƙa gaɓar Fidjrossè kafin ya juyo. Da aka karkatar da manyan motoci zuwa Lome ta cikin Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da haɗari, sai matafiyi ya koma tsallaka kogin Kwara a kwalekwale ko ratsawa ta Najeriya, kuɗin mota ya ƙaru, tafiyar da ba ta dole ba kuma ita aka fara yankewa.

Wannan ya zo daidai lokacin da gwamnatin Patrice Talon, shugaban Benin na lokacin, ke gyara birnin Kwatano domin baƙi. A Nuwamban 2021 Faransa ta maido da kayan tarihi 26 na masarautar Abomey, aka baje su a fadar shugaban ƙasa a 2022, shekarar da aka ƙaddamar da mutum-mutumin Amazone mai tsayin mita 30, wato alamar mayaƙa mata na daular Dahomey.

Hukumomin Nijar sun kafa hujja da tsaro, suna zargin Benin da bai wa sojojin Faransa masauki, zargin da Kwatano ta musanta. Ko da an karɓi hujjar, gadar da ta tsayar da kamyo ba ta tsayar da kwalekwale ba, don haka nauyin ya faɗa kan manomin albasa da ƙaramin falke, waɗanda su ne suka riƙe zumuncin Ƙonni da bakin teku.