Tsibirin Komodo: Tafiyar jirgin ruwa da ta haifi King Kong

Duk ma'abocin kallon finafinan Turawa ya san King Kong, ƙaton gwaggon birin nan da ya ɗare saman dogon benen Empire State a birnin New York, jiragen sama suna yi masa ruwan harsashi. Matasa sun fi sanin wanda darakta Peter Jackson ya yi a 2005, amma na asalin tun 1933 ya fito. Abin da yawancin 'yan kallo ba su sani ba shi ne, labarin ya samo tushe ne daga wata tafiya ta gaske da aka yi a jirgin ruwa, kuma dabbar da aka je nema ba biri ba ce. Damo ne!

A 1926 wani matashin attajiri Ba'amurke mai suna Douglas Burden ya ji labarin wani ƙaramin tsibiri da ake kira Komodo a ƙasar da yanzu ta zama Indunusiya, lokacin tana hannun Turawan Holan. An ce akwai wasu ƙadangaru a can da suka fi mutum tsawo. Sai ya shirya tafiya da sunan gidan tarihin halittu na New York, ya ɗauki matarsa da wani masanin dabbobi da wani gogaggen maharbi, gwamnatin Holan kuma ta ara masu jirgi.

Da suka isa sai suka tarar ba ƙarya aka yi masu ba. Damon Komodo yakan kai mita 3, nauyinsa wajen kilo 70, kuma duk duniya babu ƙadangaren da ya kai shi girma. Hausawa na yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, to ban da wannan. Barewa yake ci, da aladen daji, har ɓauna yakan kayar. Su Burden suka ɗana tarko da mushe, suka kama wani ƙato suka kulle a keji. Gari na wayewa sai suka iske ya yaga wayar kejin ya yi gaba abinsa. A ƙarshe dai sun koma gida da matattu 12 da kuma biyu masu rai, waɗanda aka kai gidan zu na Bronx. Jama'a suka yi ta tururuwar zuwa kallo. Sai dai kash! Ba a jima ba duka biyun suka mutu.

Burden yana da aboki ɗan fim mai suna Merian C. Cooper, kuma wannan labarin ya tsaya masa a rai. Mai karatu ya duba da kyau: jirgin ruwa, tsibirin da ba kowa ya san shi ba, mace guda a cikin ayarin maza, dodon da aka kamo aka kawo New York don a yi kallo, ya kuma mutu a can. Ai King Kong ke nan, illa dai an musanya damo da biri. Da farko ma Cooper ya so ya haɗa gwaggon biri na gaske faɗa da damon Komodo a gaban kyamara. Hakan bai yiwu ba, sai aka koma ga 'yar tsanar biri mai tsawon inci 18, ana motsa ta kaɗan-kaɗan ana ɗauka hoto bayan hoto.

Har yau ana yin wannan tafiya. Daga garin Labuan Bajo da ke tsibirin Flores ake hawa jirgin katako, a yi 'yan sa'o'i a kan teku kafin a kai Komodo ko maƙwabcinsa Rinca. Tun 1980 aka mayar da yankin gandun dajin gwamnati. Ba a barin baƙo ya yi yawo shi kaɗai, dole sai da ma'aikacin gandu, wanda makaminsa bai wuce doguwar sanda mai baki biyu ba. Za a ga damon kwance a inuwa kamar kasala ta kashe shi, amma ba abin wasa ba ne: a 2009 masana suka tabbatar yana da dafi a muƙamuƙinsa mai hana jini tsayawa. 'Ya'yansa ma a kan bishiya suke girma, don in sun sauko manyan na iya cinye su.

Jaruma Sharon Stone ta ga zahiri. A 2001 ta shirya wa mijinta na lokacin, Phil Bronstein, ziyarar musamman cikin kejin damon a gidan zu na Los Angeles. Aka ce ya cire farin takalminsa kada damon ya zaci farin ɓeran da ake ciyar da shi ne. Yana cirewa kuwa damon ya cafke masa ƙafa, sai da aka yi masa tiyata.

A 2021 aka sanya damon Komodo cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, musamman saboda hasashen cewa hauhawar ruwan teku zai cinye wani ɓangare na 'yan tsibiran da yake rayuwa a kai. Waɗanda ke cikin gandun ba su wuce 3,000 da 'yan kai ba.