Yadda cutar kala-azar ke sa warin kare ya janyo ƙudan da ke yaɗa ta

Ƙudan yashi bai wuce milimita 3 ba, amma cizon macensa ne ke yaɗa kala-azar, cutar da ke kumbura saifa da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba kan mutu.

A 2021, masana daga Jami'ar Lancaster ta Ingila sun wallafa binciken da suka yi kan gashin karnuka daga Burazil. Sun gano cewa warin kare mai ɗauke da ƙwayar cutar ya fi janyo matan ƙudan fiye da na lafiyayye. Mazan, da ba sa shan jini, ba su nuna bambanci ba.

Wato ƙwayar na samar wa kanta abin hawa: ƙuda ya tsotsi jinin karen, ya kai wa mutum. Shi ya sa a Burazil ake ɗaura wa karnuka abin wuya mai maganin ƙwari.

A jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da dama ke noma, kala-azar tsohuwar matsala ce. Ƙudan kan yi cizo ne daga magariba zuwa asuba, don haka gidan sauro mai magani na rage haɗarin.