Gida a Gefen JFK, Inda "Na Sallama" Ba Ta Ƙulla Ciniki

Duk wanda jirginsa ya sauka a filin JFK da rana, in ya leƙa ta taga kafin taya ta taɓa ƙasa, zai hangi gidaje jere reras kamar akwatunan ashana. Unguwannin South Ozone Park ne, da Springfield Gardens, da Rosedale, da Howard Beach, da Jamaica, wadda unguwa ce a yankin Queens na birnin Niyok, ba ƙasar Jamaika ba. Yawancin mazaunansu 'yan neman halaliya ne, direbobi da ma'aikatan jinya da masu aiki a filin jirgin. Ɗan uwanmu da ya shekara goma yana biyan haya a Bronx, in ya tara ɗan abin hannu, nan ma yakan waiwaya.

A Kano ko Maraɗi mun san yadda ake yi. Dillali ya haɗa ku, a taya, mai gida ya ce albarka, a ƙara, ya ce ya sallama. A kira shaidu, a ba da kafin alƙalami, a shafa fatiha, dillali ya karɓi la'adarsa. A Niyok wannan sallamar ba ta ɗaure kowa. Doka ta ce cinikin gida ko fili sai a rubuce, da sa hannu. Mai gida zai iya amsa tayinka yau, gobe wani ya ɗora masa dala dubu biyar ya juya maka baya, kuma babu alƙalin da zai saurare ka. Ciniki yana faɗawa ne ranar da ku biyun kuka sa hannu a takardar yarjejeniya, aka miƙo wa lauyanka kwafinta.

A ranar ce mai saye yake ajiye kafin alƙalami, bisa al'ada kashi 10 cikin ɗari. Gidan dala 700,000 ke nan sai ka ajiye 70,000, kuma ba a hannun mai gida ba, a asusun amana na lauyansa. Abin dubawa a nan sharaɗi ɗaya ne: in banki ya hana ka bashi cikin wa'adin da aka rubuta, za a mayar maka da kuɗinka? In babu wannan layin, ko ka bari wa'adin ya wuce ba ka sanar ba, guminka na shekaru zai iya tafiya a banza. Shi ya sa ban yarda mutum ya karɓi lauyan da dillalin mai gida ya miƙo masa ba. Dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa. Kai kuwa kana bukatar wanda zai iya kallon idonka ya ce maka fasa.

Mu gangara ƙasa, domin a can rigimar Queens take. Dillali zai buɗe wata 'yar ƙofa a gefen gida, ku sauka matakala takwas ko goma, ya kunna fitila. Ga tayil yana sheƙi, ga banɗaki, ga murhun gas, ga wata 'yar taga can sama kusa da silin wadda ko yaro ba zai fita ta cikinta ba. Sai ya rage murya ya ce hayar wannan ɗakin kaɗai za ta ɗauke maka rabin kuɗin banki na wata. Kafin ka yi murmushi, nemi takardar izinin zama ta Ma'aikatar Gine-gine ta birnin. Sunanta ɗaya da si-of-o ɗin da gwamna yake bayarwa a Najeriya, amma aikinsu daban. Tamu shaidar riƙon fili ce, tasu kuwa cewa take iyali nawa aka yarda su zauna a ginin, kuma a wane hawa. In ta ce gidan iyali biyu ne kai kuma ka tarar da murhu uku, ɗayan na satar hanya ne, kuma in ka saya ka sayi laifin har da tararsa. Ɗan hayan da ya daina biya a irin wannan ɗaki, sau da yawa kotu ba ta tilasta masa biyan bashin baya.

Maganar ba ta tsaya a tara ba. Daren 1 ga Satumba 2021, ragowar guguwar Ida ta sheƙa ruwa a birnin, mutum 11 suka mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, akasarinsu a Queens. Kafin nan, a Oktoban 2012, guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin Howard Beach da Rockaway. Shekaru da dama mai sayar da gida yana da wata kafa: maimakon ya cike takardar bayyana aibin gidansa, sai ya rage wa mai saye dala 500 ya yi gum. An toshe kafar daga 20 ga Maris 2024, aka kuma ƙara tambayoyi kan ambaliya. Sai dai abin da ya sani kaɗai zai faɗa, don haka ɗauko mai binciken gini da kuɗinka kafin ka sa hannu. Ka kuma sani inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, wannan tata daban ce. Ƙarar jirage kuwa babu dokar da za ta mayar maka da kuɗi saboda ita. Je ka zauna a ƙofar gidan bayan isha'i ka ji da kunnenka.

Haraji lissafi ne kawai. A gidan dala 700,000, mai sayarwa zai biya birni kashi 1.425, jiha kashi 0.4, jimilla dala 12,775. Mai saye da ya ci bashin 560,000 zai biya harajin rajistar jingina kashi 1.925, wajen dala 10,780. Farashi in ya kai miliyan ɗaya, akwai ƙarin kashi 1 a wuyan mai saye.

A gida mun saba ganin an rubuta a bango da jan fenti cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwon. Kudu maso gabashin Queens da tsakiyar Brooklyn sun daɗe suna fama da ɓarayin takardar mallaka, kuma tsofaffi baƙar fata da baƙi 'yan ci-rani suka fi shan wuya. Wani zai ƙwanƙwasa ƙofar dattijuwar da bashi ya sha wa kai, ya ce ya zo ceto, ya tura mata tulin takardu, a tsakiyarsu akwai wadda ta mayar da gidan sunan kamfaninsa. Wani kuma sa hannun mamaci yake kwaikwaya. Gwamnar jihar Niyok Kathy Hochul ta sa hannu a dokar kare masu gidaje a Nuwamban 2023, daga Yulin 2024 kuma aka sanya abin cikin manyan laifuffukan sata, aka ba ofishin Antoni Janar Letitia James ikon gurfanarwa.

Mai saye ya shiga rumbun ACRIS a intanet, kyauta ne, yana da takardun gidajen Queens tun daga 1966. Nan zai ga wa ya sayar wa wa, da jinginar da ke kan gidan. Ya kuma yanki inshorar mallaka tasa ta kansa, domin wadda banki yake tilasta masa saya bankin kaɗai take karewa. Mai gida kuma ya yi rajista da Ma'aikatar Kuɗi ta birnin, su riƙa aiko masa da saƙo duk sanda aka shigar da wata takarda a kan gidansa.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake jin tsoro. Mutum ba shi da tarihin bashi mai kyau, sai ya sayi gida da sunan ƙaninsa ko abokinsa, a kan amana. A idon hukuma wanda sunansa ke takarda shi ne mai gida, kuma in ya faɗi ya mutu magadansa ne za su taso. Rabon gadon ma ba namu ba ne. Wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, ga mata ga 'ya'ya, matar za ta ɗauki dala 50,000 da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba saura daidai wa daida, mace da namiji. Mata ɗaya dokar ta sani. Mai son a raba bisa shari'a sai ya rubuta wasiyya gaban shaidu biyu, kuma ko da ita, matar tana da damar neman sulusin dukiyar.

Wanda kuma ya tattara ya koma Zariya ko Damagaram, ba shi da fasfon Amurka, ba shi da katin zama, in ya tashi sayar da gidansa daga can, hukumar haraji za ta sa a riƙe kashi 10 ko 15 na farashin tun a teburin ciniki. Sai ya cike takardun harajin shekarar sannan a mayar masa da rarar, in akwai.